'Yan Makarantar Kwana Sun Dawo Gida

Zuwa ga Malam, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gaisuwar da ake yi wa waɗanda suka riga mu, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Mu lafiya lau muke. Ummi ta shiga aji ɗaya, kuma ta kwashe taurin kanka kaf, ba ta rage wa kowa ba. Innarka tana Dingaya, ƙafar nan tana damunta, amma ba ta hana ta yawon barka ba.

Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. Zan sa ta inda jama'a za su karanta, domin kwanakin nan ina jin ana muhawara a rediyo kan gyara dokar dashen ciki da binciken 'yan tayi. Masu maganar sun iya Turanci, sun iya Larabci, amma ban ji wanda ya taɓa zama a bencin asibitin da ni da kai muka zauna ba. Na ga gara in yi magana, kuma ka san ban taɓa iya sakin baki da kowa ba sai da kai.

Ka tuna shekarun da muka yi babu haihuwa. Kai malamin gona, ni malamar firamare a nan Birnin Kudu, kullum hannuna cikin 'ya'yan mutane. Na sha saiwa da sassaƙe har harshena ya daina gane ɗaci. Da ka ji labarin asibitin Kano, inda ake haɗa ƙwan mace da na mijinta a waje sannan a mayar mata ciki, ba ka ce mini komai ba sai da ka je wajen Malam Liman. Ya ce muddin daga ni ne da kai, kuma igiyar aure na nan, babu laifi. Da wannan muka tafi. Muka ce wa mutane gyambon ciki ake duba mini, a cikin dangi mahaifiyarka Inna kaɗai ta san gaskiya.

Allah ya ba mu Ummi. Amma 'yan tayi uku ne suka kama: aka dasa mini ɗaya, aka ajiye biyu cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, sai ranar da muka shirya. Kai ne ka raɗa musu suna 'yan makarantar kwana. Duk sanda aiki ya kai ka Kano, sai ka dawo kana cewa, "Na wuce ta makarantar yaran nan, amma ban shiga ba, kada in ɓata musu karatu." In na ce ka ji tsoron Allah ka daina, sai ka ce, "Ai hutu ya kusa. Bari Ummi ta yi wayo mu je mu ɗauko su."

Ummi ta yi wayo. Muka ce bari damina ta wuce. Daminar ta wuce da kai, da zazzaɓin da bai ba mu lokacin magana ba.

Ina cikin takaba aka zauna maganar gado a Dingaya. Malam Liman da yayanka Alhaji Sale suna zaure, ni ina ɗakin Inna. Liman ya aiko ta ta tambaye ni abin da ake tambayar kowace matar mamaci: ko akwai ciki, domin in akwai a ware masa kasonsa kafin a raba. Tambaya ce da mace ke amsawa da kalma ɗaya. Ni kuwa na ce, "Inna, a jikina babu. Amma akwai a Kano." Da ta kai musu saƙon, Alhaji Sale har ya fara salati, ya ɗauka wani aure ka ɓoye a birni. Da kana nan da ka yi dariya har ka kwanta.

Liman bai yi gaggawa ba. Ya ce a ba shi lokaci ya tambayi na gaba da shi. Da ya dawo, ya ce abin da bai shiga mahaifa ba ba ciki ba ne, don haka babu gado. Ya ce kuma igiyar da ta halatta mana abin ta katse da rasuwarka, ba za a dasa mini su ba. Ya faɗa a hankali, kansa a sunkuye. Na karɓa, domin ban sha wahalar neman haihuwa ta halal don in ƙare da abin da zan ji kunyar Allah a kai ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranar na yi kukan da ya fi na ranar da aka fita da kai. Na so in goya su, Malam. Bayan Ummi, su ne abin da ya rage naka wanda ba a riga an yi masa addu'ar rahama ba.

Bayan na fita takaba asibitin suka kira, suka ce in zo in faɗi yadda za a yi da su. Likitar nan mai fara'a ce, wadda kake tsokana da cewa ta fi ka sanin iri. Ta ce ana iya ci gaba da ajiye su, amma ni da ita mun san babu ranar ɗauka. Ta ce ana iya ba wasu ma'aurata. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki, nasaba ba abin wasa ba ce. Ta ce ana iya barinsu su narke a fitar da su tare da sauran abin da asibiti ke fitarwa. Ko kuma a ba masu bincike, domin da irin wannan binciken aka gano hanyar da aka bi har muka samu Ummi.

Wannan ta ƙarshe ita ta tsaya mini a wuya. Ke nan wata mace da ban sani ba ta taɓa ba da nata, ni kuma ga ni ina kitsa wa 'yata kai ranar Juma'a. Na tuno ka da kusurwar gonarka da kake bayarwa duk shekara a gwada sabon iri, kana cewa, "Wanda muke ci yanzu ma a gonar wani aka fara gwada shi." Zuciyata ta ce mini da za ka yarda. Ta sake ce mini mutumin da ya ƙi shiga don kada ya ɓata musu karatu ba zai yarda ba.

Na tambayi likita ko ka taɓa faɗa musu ra'ayinka. Ta ce ba a tambaye ka ba. Gaskiya ta faɗa: an yi mana bayanin allura, an yi mana bayanin abinci da hutu, amma babu wanda ya dube mu ya ce, in ɗayanku ya rasu fa? Na tambaye ta me doka ta ce a kan irin halina. Ta ce doka ba ta fito fili ba, kowane asibiti da yadda yake yi.

Na kai maganar wajen Inna. Ka san ta, rabin Dingaya a hannunta suka faɗo, ungozoma tun kafin a haife ni. Tana ɓarar gyaɗa ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Ni ban san bincike ba, 'yar nan. Abin da na sani, tun da nake karɓar haihuwa ban taɓa jefa mabiyiya a bola ba. Ko ɓarin wata ɗaya ne, wanke shi nake yi, in naɗe, in binne. Abin da ya fito daga jikin ɗan Adam, ƙasa ake ba shi. Ki je ki ce a ba ki kayanki."

Wannan ba ta cikin abin da likita ta lissafa mini. Da na koma mata da maganar, ta ce ba a taɓa roƙonta haka ba, sai ta tambayi manyanta. Aka yi ta kai da kawo, daga ƙarshe suka yarda.

Na riƙo su a jaka a kan cinyata, tun daga Kano har Birnin Kudu, daga nan na canza mota zuwa Gwaram, na ƙarasa Dingaya. Na tarar Inna ta gama shiri irin wanda ta saba. Ga ruwan ɗumi a ƙwarya, ga sabon sabulu, ga farin alawayyo wanda zai naɗe jariri cikakke. Alhaji Sale ya haƙa rami har gwiwa a bayan ɗakinka na da. Na buɗe jaka na fito da abin da aka ba ni: wani siririn bututu kamar tsinken tsintsiya, bai fi tsawon tafin hannu ba.

Inna ta karɓa, ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido. Ta ce, "Su biyun duk suna ciki?" Na ce e. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi alawayyon, sai dariya ta ƙwace mata. Muka yi ta dariya ni da ita, har dariyar ta juye ta zama kuka.

Duk da haka ba ta rage komai ba. Ta yi bisimilla ta wanke shi. Alhaji Sale ya ce a yagi ɗan ƙyalle kaɗan ya isa, ta ce, "Ɗana ya sha wahala kafin ya same su, ba za a yi musu rowar alawayyo ba." Ta ninka, ta sake ninkawa, har ya zama ƙunshin da hannu zai ji nauyinsa. Liman ya ce babu sallah a kansu, sai addu'a, muka yi. Sai da aka mayar da ƙasa Inna ta gaya mini abin da ya sa ta zaɓi wurin. Nan ta binne mabiyiyarka ranar da ta haife ka.

Malam, ban san ko abin da kake so na yi ba, kuma wannan rashin sanin ne yake cina. Ba na zargin matar da ta ba masu bincike nata, albarkacinta nake goyo. Abin da nake roƙon masu gyaran doka bai da yawa. Su wajabta a zaunar da mata da miji tun suna raye, a tambaye su da harshen da suke ji, abin da za a yi da 'yan tayinsu in mutuwa ko rabuwa ta zo. Wanda ya yarda da bincike a rubuta, wanda bai yarda ba kada a taɓa. Su kuma sa hanyar Inna a ciki, domin a ƙasar nan akwai masu son a ba su nasu su kai gida. Kada a sake barin mace ita kaɗai tana ƙoƙarin karanto zuciyar mamaci.

Ina kewarka. Ina kewar tsokanar nan da nake cewa ka daina.

Allah ya jiƙanka, ya sa kabarinka ya zama dausayi, ya raya mana Ummi bisa tafarkin da kake so. Ya ƙara wa Inna lafiya. Ya ba masu jiran haihuwa, ya sa kada jiransu ya yi tsawo irin namu.

Hutun ya zo, Baban Ummi. Na je na ɗauko su kamar yadda ka ce, sai dai ni kaɗai. Suna gida, kusa da kai.

Taka har kullum,
Maman Ummi,
Birnin Kudu.