Hedifon na Uku

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya Inna da Auta? Ni lafiya lau, sai dai mu shida ne a ɗaki, kuma har yau na kasa shiga hirarsu. Ko littafin soyayya na buɗe, layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Jiya na je sayen hedifon, abin jin waƙa a kunne. Sau uku ina wuce shagon kafin na shiga. Mai shagon ya ce, "Ƙanwata, gwada da waƙar da kika fi sani." Na sa wadda kika naɗo mini daga rediyo ranar wanki. Na farko ganga kawai yake bugawa. Na biyu ya matse mini ɗan kunne. Na uku kuwa, Yaya, can ƙasan kiɗan na jiyo Inna tana bin amshi, tana ɓata baitin. Ban taɓa sanin tana ciki ba.

"Kuka kike?" in ji shi. Na ce mura ce.

Shi na ɗauka. Don Allah ki naɗo mini wata, ki ajiye wayar kusa da ita. Kada ki faɗa mata, za ta yi shiru.

Allah ya bar mu tare,
Ƙanwarki