Goɗiyar Mahaifina da Ciyawar Fadama

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ina roƙo a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni, ni kuwa ba na iya ɗaga ido in yi magana a gaban manya.

Ni ɗan makarantar Midil ne a Kano, gidanmu yana wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Mahaifina ya rasu ya bar mini tsohuwar goɗiya, tana hannun Baffa, ƙanensa, har in girma. Shekara biyu ke nan gashinta ya yi tsawo ya nannaɗe kamar na tunkiya, ko da bazara ba ya zuba, bayanta ya lotsa, ga shan ruwa da fitsari ba iyaka. Hutun bara na soma rubuta abin da take ci kullum a wani littafi, sai na lura duk sa'ad da ruwa ya janye aka kai ta fadama ta ci ɗanyar ciyawar burgu, kwana biyu kofatonta ya ɗauki zafi, ta miƙa ƙafafun gaba ta ja jiki baya kamar mai taka garwashi. Na kai wa malamin dabbobi na En'e littafin, ya karanta, ya ce ciwon tsofaffin dawakai ne, Turawa suna ce masa Kushin. Ba ya warkewa, amma in an hana ta ɗanyar ciyawa da gero, aka ba ta busasshen ingirici, ana sakinta a kan rairayi ta motsa jiki, za ta kai wasu shekaru.

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya faɗa wa Baffa. Ya yi dariya, ya ce tun ba a yanke mini cibiya ba yake ɗaure doki a turke, yaushe fensir ya soma kiwo. Tun ranar, in na shigo sai ya ce a ba Likita tabarma. Daga baya Inna, mahaifiyata, ta gaya mini asalin abin. Wai wani ne ya ce a kasuwa a dubi dabbar maraya, yunwa ta sa gashinta ya miƙe. Shi ke nan Baffa ya rantse ba wanda zai sake faɗa, kullum da hantsi shi da kansa yake jan ta ta tsakiyar gari zuwa fadama, don kowa ya gani.

Da na dawo wannan hutun, tun daga zaure wari ya tare ni. Na same ta kwance cikin fitsarinta, kwankwasonta ya yi gyambo, na ɗaga ƙafar sai ruwan mugunya ya biyo mini hannu, ƙuda ya rufe. Ranar ban iya cin tuwo ba. Amma ba warin ne ya fi tayar mini da zuciya ba. Da safe maza biyu suka kama wutsiya suka tashe ta, tana rawar jiki tana ɗingishi, mutanen da ke zaune a gindin tsamiya suna ce wa Baffa sannu da riƙon amana, Malam, Allah ya saka. Duk suna da hanci, duk sun san doki, ba wanda ya kalli ƙafar. Ni ma ina tsaye, bakina a rufe, shi ya sa har kaina nake ƙyama.

Ba na ce Baffa mugu ne ba. Shi ya riƙe mu, geron da yake zuba mata ko dokinsa ba ya samu.

Kawu, yayan Inna, yana zaune a tudu wajen Jahun, ƙasarsu rairayi ce. Ya ce in na buɗe baki a gaban mai gari na ce ina son dabbata, zai zo da igiya ya tafi da ita. Amma yin haka daidai yake da in ce wa gari Baffa ya ci amana, ga Inna da ƙannena mata a cikin gidansa suke. Inna ta ce dabba ce, kada in tsinka zumunci a kan kofato.

Saura mako uku in hau jirgin ƙasa a Malam Madori, fadama kuwa yanzu ta fara tsiro. Jama'a, in kunyata mutumin da ya ciyar da ni, ko in tafi makaranta in bar shi ya ci gaba da kashe ta da alheri? In akwai wanda ya san yadda ake karɓe igiya daga hannun babba ba tare da an zubar masa da girma ba, don Allah ya koya mini.