Fiton Glenys a Waƙa ta Tara

Litinin, 3 ga Oktoba

Faifan ya iso. Wai zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar Cinderbank, shekara arba'in da biyar a faifai ɗaya. Ni da na san yaran nan tun suna kaɗa gita a bayan shagon walda a Netherton, tun kafin 'yan jarida su raɗa wa kiɗan suna metal, na buɗe shi da ɗoki. Ban kai ƙarshe ba raina ya ɓaci.

Zaɓin shirme ne, amma ba shi ya fi ƙona min rai ba. Waƙa ta tara ce, wadda aka ɗauka a zauren taro na Dudley a 1971. A minti na huɗu ganga takan tsaya cak, zauren ya yi tsit, sai wata yarinya ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito. Ina tsaye a gabanta ranar. Na waiga in zagi wanda ya huda min kunne, sai na ga Glenys. Shekara arba'in da ɗaya muka yi da aure. Ta tsani a ɗauki muryarta, don haka wannan fiton kaɗai ya rage min. Tun da ta rasu, shekara uku ke nan, na kasa ɗora tsohon faifan. Na ce bari in gwada da sabo.

Babu fiton. Sun goge ta, wai gyaran sauti.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Zaman tsofaffin masoya a mashaya, kamar kowace Alhamis. Kowa da ƙorafinsa. Lorraine tana dukan tebur: "Waƙa biyar daga sabon mawaƙin nan mai muryar akuya? Wa ya aike su?" Mutumin ya shiga ƙungiyar tun 1983, har yau sabo ne a wurinta. Wani ya ce an cika waƙoƙi masu taushi, wani ya ce don yara aka yi, ba don mu ba.

Na bari suka gaji, sannan na kawo maganar fiton. Clive, wanda muka yi shekara talatin da ɗaya muna ƙera sarƙa kafaɗa da kafaɗa, ya dube ni.

"Wane fito aka goge? Yana nan, Roy. Jiya na ji shi a mota, har na tuna da ita."

Na ce masa mutumin da bai iya bambance gita da injin niƙa ba ba zai koya min sauraro ba.

"To, mai kunnen zinariya," in ji shi.

Na bar rabin kofina na taho. Ni nake rubuta sharhin faifai a mujallarmu ta masoya tun kafin gashinsa ya zube.

Asabar, 8 ga Oktoba

Butar shayi ta daina fito. Ta tafasa har ta ƙone ina zaune a falo. Kayan yanzu duk haka suke.

Laraba, 12 ga Oktoba

Na aika wa kamfanin da ya fitar da faifan wasiƙa, shafi biyu, ban rage musu komai ba. Na ce wanda ya goge numfashin mutane daga waƙa bai san me ya sa muke cika zaure ba. Na nemi a sa hannu, mutum huɗu suka sa. Lorraine ta sa nata ba ta kalle ni ba. Clive ya ce hannunsa na ciwo. Maƙaryaci.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Kerry ta zo da abincin rana. Tun daga ƙofa ta fara: "Baba, talabijin ɗin nan har bakin titi ake jin sa." Halin uwarta sak. Na ce ta zauna ta ji ta'asar da aka yi, na sa mata ta tara.

Ina kallon fuskarta. Ganga ta tsaya. Sai na ga ta rufe baki da hannu, idonta ya ciko.

"Ga Mama nan," ta ce.

Na ce kada ta lallashe ni, ni ba jariri ba ne. Ta ce to in ɗauko tsohon faifan mu gwada. Na ce allurar garmahon ta lalace. Allurar lafiyarta ƙalau.

Kafin ta tafi ta ɗora butar, tana falo ta ce, "Ta tafasa," tun kafin in ga tururi. Na tashi na sauke ta.

Litinin, 17 ga Oktoba

Na ɗora tsohon. Sau uku. Na durƙusa na manna kunnena a jikin lasifika kamar ɓarawo a bakin ƙofa.

A nan ma babu.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Asibitin kunne. Kerry ce ta nemi ranar, ni rakiya kawai na yi wa kunnuwana. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, wai in danna maɓalli in na ji ƙara. Na daɗe zaune ina jira su fara, ashe sun yi nisa.

Likitar ta tambayi aikin da na yi. Na ce sarƙa. Ta tambaya ko ina zuwa wasan kiɗa. Na ce ban taɓa tsayawa a baya ba, kullum jikin lasifikar hagu. Ta ce siraran sautuka ne suke fara tafiya, tsuntsaye, ƙararrawa, fito. Ba sa dawowa da kansu.

Glenys takan cusa auduga a kunne kafin a fara kiɗa, ta miƙo min tawa. Ni kuwa in yi mata dariya, in ce auduga ta ragwaye ce. Haushin kaina nake ji, kuma ina jin kunyar Clive, wanda ya fi komai ciwo.

Talata, 8 ga Nuwamba

An ba ni na'urar ƙara ji. Munin tsiya. Makullaina sun zama masu surutu, firij ma ashe gunaguni yake yi duk shekarun nan. Ban taɓa faifan ba. In na sa kuma ban ji ba fa?

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Na je mashaya. Lorraine na nan tana yaƙi da mai muryar akuya, na mara mata baya, don gaskiya ce. Clive ya ga abin da ke bayan kunnena, ya kau da kai, ya turo min kofi. Da zan tashi ya ce, "Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, in kana nema." Na ce na sani tun yana koyon riƙe guduma.

Kamfanin bai amsa wasiƙar ba. Gara haka.

Ina nan a kan bakana, zaɓin shirme ne, haka zan rubuta a mujalla. Sakin layi na uku dai, na maganar fiton, zan cire.

Da la'asar na sa ta tara, na zauna a kujera, ban ƙara murya ba. Ganga ta tsaya. Zauren ya yi tsit. Sai ga fiton.

Na waiga. Ƙofar kicin ce kawai a bayana, na sani sarai, amma sai da na waiga.