Haƙoran Akuya da Kwas ɗin Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, Auta kuma ta fara koyon tuƙi, ƙofar gida ce dai ta ji a jikinta.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda labarin nan ba na waya ba ne, dariya za ta hana ni kai shi ƙarshe. Kin san tun da jami'armu ta buɗe karatu ta intanet aka ɗora kwas ɗin Baba na kiwon dabbobi a kai. To bana hukumar tantancewa ta ce za ta duba mu. Dokarsu ita ce, duk abin da aka rubuta cewa ɗalibi zai iya idan ya gama kwas, sai an nuna bidiyo ko karatun da ya koya masa shi, da tambayar da aka gwada shi da ita. Kwas ɗin da ya gaza, a sauke shi, ɗalibansa su sake shekara. Ni aka ba aikin daidaita kwasa-kwasan sashenmu da wannan doka. Da aka zo kan na Baba, shugaban sashe, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya turo mini shi yana kallon silin, wai ai ni 'yar gida ce. Wallahi na ji tsoro, don Baba ritaya zai yi ƙarshen shekara, ban so a ce da sauke masa kwas aka sallame shi.

Na zauna na kalli bidiyoyin nan kaf. Yaya, Baba gaida kyamara yake yi, ya tambaye ta mutanen gida, ya jefa tambaya ya tsaya shiru yana jiran amsa, sannan ya ce madalla. Duk da haka komai ya hau, sai manufa guda, wadda ta ce ɗalibi zai iya gane shekarun dabba ta haƙoranta. Babu darasin da bai ambace ta ba, kuma kullum maganar ɗaya ce, wai za mu zo kansa. Har kwas ya ƙare ba a zo kansa ba. Ashe duk shekarun nan a gonar makaranta yake koyar da wannan, ya kwashi ɗalibai ya buɗe musu bakin dabba su leƙa. Da karatu ya koma intanet babu gona, bakinsa kuma bai daina alkawarin ba.

Da na sami ƙarfin halin gaya masa, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce tun ban san hagu da dama ba yake koyar da haƙora, in koma in duba da kyau. Ban yi musu ba, na kunna masa kawai. Ya ji kansa yana cewa za mu zo kansa a darasin farko, ya gyaɗa kai. Ya ji a na gaba, ya gyara zama. Can wajen na ƙarshe sai ya tambaye ni ɗalibai nawa ne abin zai shafa. Na ce duk ajin, har da masu aiki da masu goyo da suke karatu a waya. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Washegari da safe sai ga shi da akuyar maƙwabcinmu mai gyaran babur, har tsakiyar falo, wai a nan haske ya fi kyau. Mama ta ce ko ita ko akuyar a kan kafet ɗinta. Ƙarshenta dai ita ce ta riƙe ƙafafun baya, tana riƙo tana mita, ni ina riƙe da kyamara. Akuyar nan ta yarda aka ga haƙoran ƙasa, Baba ya yi bayaninsu tiryan-tiryan. Amma da aka zo nuna cewa ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai, sai ta datse baki. Ya lallaɓa ta, ya yi mata tsawa, ya kira ta marar tarbiyya, ta fizge ta haye kujerar baƙi.

Nan ne, Yaya, Baba ya juyo ya fuskanci kyamara, ya sa yatsu biyu ya zare haƙoransa na sama gaba ɗaya. Haƙoran roban nan da ke kika raka shi aka yi masa su, kika rantse ba za ki faɗa wa kowa ba, waɗanda yake cewa nasa ne na haihuwa saboda bai taɓa shan zaƙi ba. Ya buɗe baki ya nuna dasashi, ya ce wa ɗalibai su duba da kyau, haka bakin akuya yake. Mama ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya har da hawaye, ni kuma ban kashe kyamarar ba.

Da muka zo gyaran bidiyon na ce masa zan yanke wurin, mu sa zane a madadinsa, babu wanda zai sani. Ya daɗe yana kallon kansa a allo babu haƙora. Sannan ya ce, "Bar shi, 'yar nan. Na yi musu alkawari za mu zo kansa."

Masu tantancewa sun zo sun tafi, kwas ɗin Baba ya tsallake, ba wanda zai sake shekara. Sun kuma roƙi a riƙa nuna wa sababbin malamai bidiyon nan a matsayin misali. Saboda haka ki sauke nauyin rantsuwarki, sirrin ya zama darasi. Idan kin kira shi dai kada ki fara, bari ya kawo zancen da kansa, don yanzu har baƙi yake kunna wa.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Gwaggo idan kin leƙa ta, da takwarata da ƙannenta. Mama da Auta da Kawu Dogo suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama