Uku Bisa Goma

Danau Kota, 3 ga Maris

Zuwa ga aminina Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gwale. Ni ƙafafu sun ƙi, amma alhamdu lillahi. Ɗana Ja'afar da matarsa kanti suke wuni, ni kuwa ina hawa na sha tara ina kallon ruwan sama.

Jikata Rufaida, 'yar shekara sha huɗu, a nan ƙasar waje aka haife ta. In na yi mata Hausa, "boleh, Kaka" kawai take cewa, wato "to" a yaren ƙasar nan, ta wuce. Ta ji na ce Mista Dankan, Baturen da ya koya mana tarihi, ɗan Sikotlan ne. Ran Asabar sai ta kunna mini fim ɗin wani jarumin ƙasarsu, ta sayo mana shinkafa a shagon abincin da suke kira mamak, ta zauna kusa da ni. Shekarata biyu a gidan nan, ba ta taɓa yin haka ba.

Kalilu, yaƙin gadar nan da Mista Dankan ya zana mana a allo, a fili suka yi shi. Babu gada, babu kogi! Kuma suka ɗaura wa mayaƙan fatarin nan mai gida-gida, wanda sai bayan ɗaruruwan shekaru aka fara ɗaurawa. Na kasa yin shiru. Washegari na rubuta kurakurai bakwai da jan biro, na ba fim ɗin uku bisa goma, na tura mata ta ƙarƙashin ƙofa. Tun ranar a ɗakinta take cin abinci.

Don Allah duba tsohon littafinka. Akwai gada ko babu?

Naka,
Ubale

Kano, 9 ga Maris

Hedimasta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ramatu na gaishe ka. Littafi gara ta cinye, amma akwai gada, na tuna. Ka ci goma bisa goma. Sai ka kira gadar ta zo ta taya ka cin abinci.

Haba Ubale! Shekara talatin da barin koyarwa, har yanzu biron nan na aljihunka? Yarinya ta kawo maka abin da take so, ka yi mata makin. Da muke tsallake katanga mu je kallon kaboyi, wa ka tambaya tarihi? Kai ne ma ka fi kowa ihu.

Ka ja sandarka ka je ƙofarta. Kada ka tura takarda. Tambaye ta inda ya fi yi mata daɗi, sannan ka kama bakinka.

Allah ya ƙara sauƙi.
Kalilu

Danau Kota, 14 ga Maris

Kalilu,

Gaisuwa mai yawa. Na je. Na daɗe a tsaye kafin ta buɗe, har ta tsorata ta jawo mini kujera. Ta ce sau huɗu ta kalli fim ɗin, kuma kullum sai ta yi kuka wajen da aka kashe jarumin. Na ce wannan kam gaskiya ne, haka aka yi masa. Ta ce, "Da gaske, Kaka?" Da Hausa fa, Kalilu.

Asabar za mu kalli wani, na wani sarkin Sikotlan. Ta kafa sharaɗi: kuskure ɗaya tak aka yarda in faɗa, shi ma sai an gama. Na amince. Ka taya ni addu'a, awa biyu ne.

Wassalam,
Ubale