Ƙaramin Ƙullin da Muka Ɗauka Gyara Ne

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayar da irin auduga a Oforikrom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, ni mai sayar da wake ce a Aboabo. Damina uku da suka wuce wakilinka ya zo taron 'yan garinmu da sabon iri, ya ce an sarrafa shi yadda tsutsa ba ta ci ta rayu. Ni na tashi na tsaya masa. Na saya na aika wa yayana Malam Isufu a arewa, gida tara suka bi shi don sun san ba na ƙarya.

Na farko, damina biyu tsutsa ta mutu, ban musa ba. Yaya har ya sayar da injin feshinsa, ya daina ajiye irin da mahaifinmu ya bari. Bara sai ga tsutsa tana ci tana ƙiba.

Na biyu, kowane buhu ya zo da ƙaramin ƙullin iri a ɗaure a wuyansa. Mu 'yan kasuwa, in na auna olonka, wato mudunmu na nan, na ƙara hannu guda, gyara ke nan. Haka na faɗa musu, suka juye shi cikin babban. Sai yanzu wani malamin gona ya ce wai irin gargajiya ne, a shuka shi dabam a gefen gona don kada tsutsa ta saba da sabon. Wakilinka ya sha shayinmu awa biyu bai faɗi wannan ba. Mantuwa ce? Haba!

Na uku, makon jiya na gan shi yana tallan maganin feshi, da tambarinku a jikin kwalbar. Zato zunubi ne, na sani, amma biri ya yi kama da mutum.

Roƙona guda: kafin ruwa ya sauka, ka turo mutum mu je tare, ya faɗa a gaban gidajen nan da bakinsa cewa ba a gaya mini ba. Abin na cina ƙwarai. Yaya bai zage ni ba, ya dai ba direba ƙwallon auduga guda a leda ya kawo mini, ba ko gaisuwa. Yana nan kan teburina, tsutsar na ciki da ranta.

Allah ya tsare maka mutuncinka, ya ba ka ikon maido mini da nawa.

Wassalam.

Hajiya Ramatu mai wake,
Aboabo, Kumasi.