Ƙerana a Kan Kabarin Meshak

Kafanchan,
9 ga Maris.

Zuwa ga yayana, Rabaran Boaz,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin ikilisiya, yaya Mama Hellen da yara? Ina fata ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai zafi.

Yaya, na ga takardar da kwamitinku ya buga ta ziyarar wurare masu tsarki na ƙasarmu. Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa, na iya karanta taswira. Lamba ɗaya gidan 'yan zuhudu, lamba biyu dutsen addu'a na wajen Gwantu, lamba uku tsohuwar majami'ar mishan. Lamba huɗu kuwa mijina Meshak ne. Kun rubuta: Kabarin Shahidai, minti arba'in, a zo da ruwan sha. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi maƙwabciyata Tamar da 'ya'yanta uku ke ciki.

Ban hana kowa addu'a ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar Asabar na je ƙauye share wurin, na tarar da bas biyu. Ana gama waƙa kowace mace ta fito da leda, ta durƙusa ta ɗebi ƙasar kabarin. Wai a ruwan wanka ake zubawa, ana kuma barbaɗawa a ƙofar shago. Wata da gwangwanin madara ta zo. Na yi wa jagorarsu magana, wata Scholastica mai yawo da lasifika, ta ce mini albarka ba ta ƙarewa, ta miƙo mini leda ni ma.

Kana Kaduna ranar da muka binne su, saboda haka bari in gaya maka yadda aka yi. Mutum ashirin da uku, rami ɗaya, maza huɗu kawai suka rage masu iya riƙe shebur, ga shi ana cewa maharan da suka kashe su za su dawo. Ramin bai kai ƙirjin mutum ba. Akwati babu. Da zanena na zumuntar matan ikilisiya na naɗe Meshak, kuma shi aka sa ƙarshe, yana sama ta gefen gabas. Tudun da muka tara a kansu shi ne duk rufinsu. Yanzu gefen gabas ɗin ya zama kamar kwano.

Ka cire lamba huɗu kafin ruwa ya sauka. Kai ne shugaban kwamitin, kai ne kuma ka riƙe hannuna ka kai ni gaban mutumin nan ranar aurenmu.

Ka gai da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Afiniki.

Kafanchan,
14 ga Afrilu.

Yaya Boaz,

Ina gaishe ka da ƙauna. Yaya gida, yaya gajiyar hidimar Ista? Na gode da maganin hawan jinin da Mama Hellen ta aiko, ina sha.

Na sami amsarka. Ka ce simintin rufe kabarin yana cikin shirin baɗi, ka ce ta wurin baƙin nan ne duniya za ta san abin da aka yi mana, ka ce in bi ziyarar da kaina kafin in yanke hukunci. To, na bi. Na sa zanen zumunta irin na kowa, na zauna kujerar baya.

Gidan 'yan zuhudun ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Shiru, itatuwan mangwaro, ƙararrawa. Wani tsoho, Ɗan'uwa Jonathan, ya zaga da mu har maƙabartarsu. Kaburbura bakwai, kowanne da dutsensa da sunansa, an shafe su da farar ƙasa. Wata daga cikinmu ta sunkuya da ledarta, sai tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce a nan ba a taɓa masu barci. Nan da nan ta miƙe, har da ba da haƙuri. Na juya baya na yi kuka, suka ɗauka Ruhu ne ya taɓa ni. Hassada ce, Yaya. Gawa bakwai na yi wa hassada.

A hanya muka tsaya Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, kowa ya cika gora. Na taɓa karantawa cewa a Indiya masu ziyarar ɗakunan ibada na Hindu suna ɗibar ruwan babban koginsu su kai gida, shekaru dubbai, kogin bai ragu ba. Su sun san abin da ake ɗiba. Ruwa yana dawowa. A dutsen addu'a babu abin ɗauka sai tsakuwa, majami'ar mishan kuma da kwaɗo a ƙofarta. Ka lura? Duk wurin da ka lissafa yana da mai shi. Lamba huɗu ne kaɗai ba mai tsaro, shi ya sa suke adana manyan ledoji dominsa.

Da muka isa kabarin, Scholastica ta gaya musu cewa shahidan sun mutu suna waƙa cikin majami'a. Meshak daga gonar citta yake dawowa da fartanya a kafaɗa, kuma ka san ko a sujada ba ya buɗe baki, don muryarsa ta fi ta kwaɗo muni. Na hau kan tudun na faɗa musu ko ni wace ce, na nuna musu inda yake kwance, na ce tsakaninsa da tafin ƙafata bai kai kamu biyu ba. Suka yi kuka, suka rungume ni, suka jera ana ɗaukarmu hoto. Sannan suka durƙusa daidai inda na nuna. Wata ma ta roƙe ni in ɗebo mata da hannuna, wai ta hannun matar shahidi ta fi ƙarfi.

Ni da bakina na nuna musu wurin. Wannan ba zan yafe wa kaina ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kagoro. Ina jiran ka.

Taka,
Afiniki.

Kafanchan,
20 ga Mayu.

Yaya,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuwana sun kumbura.

Ruwan ranar Laraba ta makon jiya ya cika kwanon nan, ya zaizaye shi. Tamar ta kira ni. Da na je, na ga bakin zane ya leƙo, shuɗi da fari, da rabin rubutun ayar da ke jikinsa. Shekara shida launin bai tafi ba. Ni da ita muka yi ta jido ƙasa daga gona da kwanon sarki har muka rufe.

Ranar Asabar motar da na shiga ta lalace a Godogodo, bas ɗinku ta riga ni. Sabuwar ƙasa ba ta da wuyar ɗiba. Na tarar da zanen a waje, an yanke masa kusurwa da reza, yanka mai kyau, irin na wadda ta iya ɗinki. Macen da ta yi wannan, irin zanen ne ɗaure a ƙugunta.

Ban yi ihu ba. Na tafi kufan gidan Baba, inda shingen ƙerana yake har yanzu, wanda ya hana mu taɓawa muna yara don ruwanta na ƙona fata, yana makantar da ido. Kwana uku ni da Tamar muna sara muna dasawa. Mun bi tudun kaf, sama da gefe, ko wurin sa yatsa ba mu bari ba. Idona na hagu har yanzu yana ruwa. Da damina ƙerana ba ta wasa, nan da shekara biyu ta fi ka tsawo.

Ka bar lamba huɗu a takardarka in ka ga dama. Abu ɗaya nake roƙo: ka hau bagade ka yi sanarwa, wadda ta ɗauki ƙyallen ta dawo da shi. Ba zan tambayi sunanta ba.

Ban taɓa gaya maka ba, amma duk ƙarshen wata nakan zauna a gefen gabas ɗin nan, in ɗora tafin hannuna a ƙasa, in ba shi labarin gida, wa ya haihu, wa ya rasu, yadda citta ta yi. Jiya na je in gaya masa abin da na yi. Babu wurin zama, babu wurin ɗora hannu. Daga bakin hanya na tsaya, na ɗaga murya, kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ce,
Afiniki, matar Meshak.